Naƙudar Tsutsar Tumatir

A duk benen, da Sista ake kiranta, har mijinta, ko da yake ta daɗe da ninke farar rigar asibiti ta saka a ƙasan akwati. Ungozoma ce ta gaske, irin wadda in ta shigo ɗakin haihuwa masu ihu suke rage murya, masu shara su ƙara sauri. Rabin samarin da ke tsere da babur a layinsu ita ta fara ɗaga su ta ƙafa, kuma ba ta jin nauyin tuna musu a gaban 'yan matansu. Ba tsufa ne ya raba ta da aikin ba, hannun dama ne. Ya fara rawa kaɗan-kaɗan, tana ɓoye shi a aljihu, har ranar da almakashi ya suɓuce mata ana tsakiyar yanke cibiya. Babu wanda ya ce mata uffan. Ita da kanta ta wanke hannu, ta je ta ce a sallame ta, ta dawo gida ta yi irin kukan da ba ta taɓa barin wata mai naƙuda ta yi a gabanta ba.

A gida kuwa sai ta faɗa hannun mijin nata, Direba. Mutumin kirki ne, kirkin nan mai gajiyar da mutum. Ya gama rayuwarsa yana jan babbar bas, yanzu ya ajiye tuƙi, bai da fasinjan da zai lallaɓa sai matarsa. Ta ɗauki kofin shayi, ya karɓe. Ta ɗauki wuƙa, ya karɓe. Ko zare ta ɗauko za ta zura a allura, sai ta ji numfashinsa a bayan wuyanta. Matar da aka riƙa miƙa wa rayuka biyu a lokaci guda, yau ba a yarda ta ɗauki faranti daga tebur zuwa kicin ba. Abin yana ci mata rai ƙwarai, ga shi babu damar faɗa, don ba a yi wa mutum faɗa a kan tausayi.

Sauran lokacinsa na gonarsa ne. Gona kuwa in an faɗa kada a zaci wani fili: baranda ce a hawa na sama, da tsofaffin bokitan fenti da ya huda wa gindi ya jera a bakin ƙarfe, kowanne da tumatir a ciki, na ƙarshe da wani farin fure mai ƙamshi. Yana zagaya su safe da yamma, hannu a baya, yana yi musu magana.

Wata rana da yamma, rana ta faɗi amma duhu bai gama shiga ba, Sista tana zaune a barandar ta ji wani ɗan ƙugi kamar na ƙaramar fanka. Wani ƙaton faɗa-wuta ne, dangin malam-buɗe-littafin nan masu launin toka da ba sa fita sai da magariba, jikinsa kakkaura, fukafukansa dogaye masu tsini. Bai sauka ba. Ya tsaya cak a iska a gaban furen, ya warware wani siririn harshe wanda ya fi jikinsa tsawo, ya zura ciki yana sha. Daga nan ya matsa kan tumatir, ya dafa ganye, ya lanƙwasa ciki ƙarƙashinsa, ya tashi. Ya koma wani ganyen ya sake yin haka.

"Au," in ji Sista a hankali, "ashe mace ce."

Da gari ya waye ta bi ganyayen tana juyawa, ta tarar da 'yan ƙwayaye kore shar, ɗaya nan ɗaya can. Ba ta gaya wa mai gonar ba. Da suka ƙyanƙyashe, tsuntsaye suka yi kalaci da yawancinsu, saura guda ɗaya da ta iya ɓuya: wata 'yar fara-farar tsutsa da ko girman tsinken ashana ba ta kai ba, da ɗan baƙin ƙaho a wutsiya, a tsaye ƙyam kamar ta fito yaƙi.

Ci kuwa, Sista ba ta taɓa ganin irinsa ba. Tsutsar nan ba ta da wata sana'a. Ta kama gefen ganye daga sama ta yanko har ƙasa, ta koma sama ta sake, in ka kasa kunne har ƙarar taunar kana ji. Kafin a ce me, ta kai kaurin ɗan yatsa, ta yi kore irin na ganyen sak, da fararen zane a karkace a kowane gefe da wasu ɗige-ɗige kamar idanu. Kana kallonta ba ka ganinta. Abin da ya tona mata asiri kashinta ne, baƙaƙen ƙwayoyi da suka zube a kan siminti, da rassan da suka koma tsirara.

Ran nan Sista tana falo ta ji muryar Direba.

"Ɓarauniya! Ashe ke ce! Yau dubunki ta cika."

Ta fito ta tarar ya cire silifas ya ɗaga.

"Malam, mai da takalmin nan ƙafarka."

"Sista, kin san wannan abar kuwa? Dubi ƙahon da ke bayanta. In ta harbe ki sai dai in kai ki wurin tsofaffin abokan aikinki."

"Na taɓa shi ya fi a ƙirga. Burga ce kawai, lanƙwashewa yake yi. Ni na ga uwarta, ni na ga ƙwanta. A hannuna take."

"Uwarta kuma? Tsutsa ce fa."

"Ɗiyar mai fukafukan nan ce da ke zuwa shan furenka da magariba. Kamar uwarta za ta zama."

Direba ya dubi tsutsar, wadda jin hayaniya ya sa ta ɗaga rabin jikinta na gaba ta sunkuyar da kai, ta ƙame, kamar wata babbar mace da aka katse wa cin abinci. Ya tuntsire da dariya.

"Wannan buhun ganyen ne zai tashi sama? To Allah ya nuna mana. Ni ma har na bar aiki ina jiran bas ɗina ta yi fiffike."

Amma ya mai da silifas ɗinsa. Ya san wannan muryar. Rabonsa da jinta tun tana saka farar riga, kuma ko bai faɗa ba ya yi kewarta. Aka yi sulhu: tsutsa ta bar kan shukarsa, ta koma cikin wata babbar roba da Sista ta rufe da tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye, shi kuma zai riƙa ba da ganye daga ƙasan rassa, waɗanda da ma sai ya cire su. Ya raɗa mata suna Fasinja.

Sista ba ta faɗa wa kowa ba, amma ta ƙulla abu a ranta. Wannan rai guda za ta raka shi har ya haye, da wannan hannun nata mai rawa, ba da na wani ba. Yadda tsutsa take komawa mai fukafuki ba ta sani ba, ba a koya musu wannan a makaranta ba. Ta dai san akwai wani mashigi a gaba, kuma mashigi aikinta ne. In ta kai Fasinja, to da sauranta. In ta mutu a hannunta, to gaskiyar Direba ce, sai ta zauna a riƙa riƙe mata kofi har ƙarshen rayuwa.

Sai ga Sista ta koma tashi da sassafe. Ta share robar, ta wanke ganye ta tsane shi, ta duba kashi ta ga ko ya canza. Wata rana Fasinja ta daina ci, ta maƙale a jikin reshe yini guda ba motsi, hankalin Sista ya tashi. Washegari a kan idonta ƙoƙon kan tsutsar ya ɓalle ya faɗi, fatar ta tsage ta riƙa zamewa baya tana tattarewa, sabuwa ta fito a ƙarƙashi tana sheƙi. Da ta huta, sai ta juya ta cinye tsohuwar rigar tas.

"Ka gani ko, Malam? Ta fi wasu mutane tsafta. Ita ba ta barin kayanta a bayan ƙofa."

"Ni na ce wani abu?" in ji Direba.

Bayan wannan ne cin ya zama na hauka. Ganyen ƙasa ya ƙare aka hau na tsakiya, Direba yana tsinkowa yana ƙunƙuni, yana cewa bai taɓa ɗaukar fasinjan da ya cinye kujera ba sai wannan. Fasinja ta fi tsawon yatsan Sista na tsakiya, ta yi nauyi, in ta hau reshe sai ya rusuna.

Rannan da safe aka zuba mata sabon ganye, ta bi ta kansa ta wuce ko sunsunawa ba ta yi ba. Ta fitar da wani ruwa-ruwa daga cikinta. Koren bayanta ya dusashe ya fara komawa ruwan ƙasa, wani baƙin layi ya bayyana a tsakiyar gadon bayan yana bugawa, yana kumbura yana sacewa. Jikinta ya yi damshi. Sannan ta kama tafiya. Ta zagaya robar, ta sake zagayawa, ta hau gefe ta zamo, ta ci gaba, ba tsayawa.

"Inji ya buga," in ji Direba. "Cin nan da ma na san ba zai ƙare lafiya ba."

Sista ta ja kujera ta zauna ta zuba ido. Ƙin abinci, zufa, jijiya na harbawa, kai da kawowa kamar ƙasa tana ƙona ƙafa. Sau nawa ta ga wannan a barandar asibiti, mace riƙe da ƙugu tana zarya daga wannan bango zuwa wancan? Wani daɗi ya taso mata tun daga ciki.

"Ba ciwo ba ne, Malam. Naƙuda ce. Ɗora mini ruwan zafi."

Nan fa gida ya koma asibiti. Ta wanke wani farin kwano da sabulu, ta ɗauraye da tafasasshen ruwa, ta bari ya huce. Ta buɗe sabuwar auduga ta shimfiɗa mai kauri, ta ɗora bandeji a kai, ta naɗe ɗan tawul a gefe. Ta ɗauko Fasinja daga cikin tarkacen ganye ta kwantar a kan wannan farin gado, ta kai teburin falo inda babu ƙura. Direba ya matso zai leƙa, ta dubi faratansa da suka yi baƙi da ƙasar bokiti.

"Da wannan hannun? Koma baya. Duk tsawon aikina ƙasa ba ta taɓa shiga ɗakin haihuwata ba, ba kuma yau za ta fara ba."

Gado ya yi kyau, sai dai mai gadon ba ta kwanta ba. Ta yini tana zagaye, tana yamutsa audugar, zaren yana nannaɗe mata ƙafafu Sista tana cirewa. Gari ya sake wayewa tana tafiya. Ya kuma wayewa, tafiyar ta zama jan jiki. Ta rage tsawo, fatar ta fara yamushewa, in ta kife sai ta daɗe kafin ta mirgino. Sista ta canza auduga, ta yayyafa ruwa, ta rufe labule, ta buɗe labule. Ta san naƙudar da ta daɗe, ta san ƙarshenta in ba a gano abin da ya tare hanya ba. Tsoro ya kama ta sosai. Hannun kuwa kamar jira yake, ya dinga kaɗawa har sai ta danne shi a ƙarƙashin cinya.

Direba ya daina zolaya, wannan ma ya fi zolayar ciwo. Ya zauna kusa da ita ya yi ƙasa da murya.

"Sista, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Kawo in sauka da ita in ajiye a cikin ciyawa. Kada ta cika a gabanki, na san halinki."

Saura kaɗan ta miƙa masa kwanon. Har ta kama gefensa. Sai ta ji haushin kanta ya turnuƙe ta, don ta tuna abin da take yi wa ɗalibai tsawa a kai. In yarinya ta tsaya gyaran zanen gado mace na murƙususu, takan ce mata: ke, gadon ne zai haihu? Dubi matar! In ta ce durƙuso take so, bar ta ta durƙusa. To ga shi ita kwana da kwanaki gadon take kallo.

Ta kwantar da haɓa a kan tebur, idonta daidai da bakin kwanon, ta kalli tsutsar kawai. Fasinja ta ja jiki kaɗan, ta kafa kai ƙasa, ta cusa cikin auduga tana turawa da kafaɗu har ta ci karo da gindin kwano. Ta goga kai a nan, ta goga, ta fito. Ta matsa gaba, ta sake kafa kai ƙasa. Ko sau ɗaya ba ta nemi sama ba. Ba fita take nema ba, shiga take nema.

Sista ta tallabo ta da hannu biyu ta fita baranda, ta durƙusa ta ajiye ta a kan siminti.

"To, baiwar Allah, ni na gaza. Nuna mini."

Fasinja ta ɗan tsaya. Sannan ta miƙa, a hankali, tana tangaɗi. Ta wuce wani ganyen tumatir da ya faɗo. Ta wuce inuwar kujera. A gindin bokiti na uku akwai 'yar ƙasa da ta zube lokacin da Direba yake cika shi, wadda Sista ta yi masa mita a kanta har sau biyu. Tana isa nan ta kafa kai. Jikin da ake ce ya mutu ya ɗauki wani irin ƙarfi, ta dinga tura ƙasar tana murɗawa, kai ya shige, wuya ya shige, sai ta ci karo da siminti.

"Malam! Ƙasa! Kawo ƙasa!"

"Wace ƙasa kuma? Ba ke kika ce..."

"Na ce! Yanzu kuma na ce ka kawo!"

Akwai bokiti guda a lungu da ya fi ji da shi. Ya tankaɗe ƙasarsa, ya cakuɗa, ya bar ta ta kwanta, yana jiran dashen sabon iri. Ya dube shi, ya dubi matarsa a durƙushe, ya sunkuya ya kinkimo. Sista ta ɗaga Fasinja ta ɗora a kai. Ba ta ko zagaya ba. Ta nutsa kai, ƙasar ta riƙa motsi tana tsagewa a kanta, fararen zanen suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ruwan shayi ya tafasa saura ɗan ƙahon kawai a waje, shi ma ya karkata ya shige. Ƙasa ta rufe kamar ba a taɓa ta ba.

Direba ya cire hula ya riƙe.

"Ikon Allah. Ta haƙa kabarinta da kanta, ta hutar da mu."

"Mai mutuwa ba ta haƙa da irin wannan ƙarfin," in ji Sista. Da ƙarfi ta faɗa, amma a ranta rabi da rabi ne.

Jira ya fi komai wuya. A asibiti in mace ta shiga ɗaki ana duba ta lokaci-lokaci a ga inda aka kwana, a saurari bugun zuciya. Nan kuwa bokiti ne da ƙasa, shiru. Ba a yi kwana nawa ba Direba ya kama ta da cokali a hannu tana sanɗa. Ya sha gabanta, ya buɗe hannuwa.

"Ina zuwa?"

"Dubawa kawai zan yi. Kaɗan zan buɗe."

"A'a. Lokacin da take sama taki ce, ban sa baki ba. Yanzu ta shigo ƙasa, nan kuma ofishina ne. Ni in na binne iri ba na tonowa in ga ko ya fara tsiro. Ranar da na gwada haka, kashe shi na yi."

"Iri daban, mai rai daban."

"Iri ma mai rai ne, Sista. Kawo cokalin."

Wannan karon da ya karɓe abu daga hannunta ba ta ji haushi sosai ba, don ba saboda rawar hannun ya karɓa ba. Shi ya ɗauki kula da bokitin. Ya jawo shi inuwa, in saman ya bushe ya tsoma yatsu a ruwa ya yarfa kaɗan. Ita kuwa takan zauna kusa da shi da yamma ta kafa masa ido, wani lokaci har ta kara kunne a jikin robar in ta tabbata ba ya kallo.

An haura mako ana haka. Wata safiya ta fito da tsintsiya ta ga wani baƙin zare ya taso daga tsagar bango, ya bi gefen siminti, ya hau bokitin. Cinnaku ne, sahu guda na shiga sahu guda na fita, wasu har sun fara huda ƙasar.

"Malam! Me ka zuba a cikin ƙasar nan?"

Ya fito da gudu, ya gani, ya dafe kai.

"Taki ne kawai. Ɓawon kayan miya, da ɗan tukar shayi..."

"Shayinka? Wanda rabinsa sukari ne?"

Amsar tana tafiya a sahu a gabansu. Sista ta san abin da cinnaku suke yi wa abin da ba ya iya gudu. Ta jingine tsintsiya ta naɗe hannun riga.

"Yau dokarka ta faɗi. Fito da ita za a yi."

"Bari in kife bokitin a hankali, ko in sa ɗan shebur..."

"Ka kife mata gini a ka? Shebur kuma ya san inda take? Kai dai kawo tsohuwar jarida ka shimfiɗa, ka tanadi wata ƙasar, wadda ba ka yi mata shayi ba."

Ta dubi cokali ta ƙyale shi, don ƙarfe a hannunta ƙara rawar yake yi. Ta durƙusa, ta kafa tsintsiyar hannun dama a bakin bokiti, ta riƙe ta da na hagu, ta bar yatsu kawai su yi aiki. Tana share ƙasar sama-sama tana zubarwa a jarida. Cinnaku suka hau ta. Suka cije ta a tsakanin yatsu, suka bi hannu har gwiwa, zafi kamar ana ɗiga mata mai, ba ta ko karkaɗe ba. Hannun yana rawarsa, ita tana aikinta, kowa da nasa. Da ma can ba da ido take aiki ba. Ta lumshe su ta bar kan yatsa ya ji: nan ƙasa a sake take, nan ta fi tauri, nan kamar an daddaɓe ta. Ta rage ƙarfi. Ta ɗan kankara, sai yatsan ya faɗa fili.

Ɗaki ne. Ɗan ƙaramin ɗaki mai siffar ƙwai, bangonsa sumul kamar an yi masa shafe. Ta buɗe rufin kaɗan-kaɗan har haske ya shiga. Babu tsutsa a ciki. Tsohuwar fatar tana can ƙarshe a cukurkuɗe, da ɗan ƙahonta, cinnaku sun riga sun taru a kanta suna ja. A tsakiya kuwa ga wani abu kwance, ja-ja mai duhu, mai sheƙi kamar dabino, kansa da wani lanƙwasasshen hannu irin na buta, ƙarshensa da tsini. Cinnaku biyu-uku sun fara hawa.

Ta zura yatsu biyu ƙarƙashinsa, yadda ta saba tallabo ƙeya, ta ɗago. Hannun ya kaɗa, abin ya mirgina, ta tare da tafin hagu. Ta hure cinnakun ɗaya bayan ɗaya.

Ga shi a tafinta, da ɗan nauyi, da sanyi, ba motsi.

"Ta bushe," in ji Direba. "Sannu, Sista. Wallahi kin yi ƙoƙari."

"Yi mini shiru."

Ta kai shi kusa da ido. A jikin ɓawon akwai zane, kamar an zana da bakin allura. Ga wurin manyan idanu biyu. Ga fukafukai a ninke sun rufe ƙirji. Hannun butar nan kuwa, ai ta san shi, ta gan shi a warware a cikin fure: kuben dogon harshen ne. Duk kayan uwar suna nan an shirya su. Saura abu ɗaya, wanda in babu shi sauran duk ado ne.

An sha miƙo mata jariri shiru, jiki saki, ɗaki ya yi tsit kowa na kallonta. Ba ta taɓa yarda da shirun farko ba. Ta sa kan yatsa ta shafi bayan abin daga sama zuwa ƙasa. Shiru. Ta sake, ta ɗan matsa gefen cikin inda yake da gaɓa-gaɓa. Shiru. Ta rufe shi da ɗaya tafin, ta hura masa ɗumin bakinta, ta buɗe, ta sake shafawa.

Sai wutsiyar ta murɗa.

Ba ɗan motsin da za a yi gardama a kai ba. Ta karkata hagu, ta karkata dama, ta juya da ƙarfi tana kartar tafin Sista, irin na wanda aka tasa daga barci mai daɗi yana jin haushi.

Ihun da Sista ta yi, tsuntsayen da ke kan wayar lantarki sai da suka watse. Tana dariya hawaye na zuba, hannu duk cizo ya kumbura, ba ta ma sani ba. Direba ya rasa abin yi, ya jefa hula sama ta faɗa bokitin tumatir, ya dinga zagaya barandar yana cewa, "Ta tashi! Wallahi inji ya tashi!" Ya ruga ya kawo sabuwar ƙasa a wani kwano mai zurfi, ya ɗora a kan ɗan tebur, ya tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa don kada cinnaka ko ɗaya ya sake samun hanya. Sista ta yi ɗan gurbi da babban yatsa, ta daddaɓe gefensa ya yi sumul, amma ba ta kwantar ba tukuna. Tana so ta ƙara jin motsin nan a tafinta.

Matar da ke hawa na ƙasa da su, wadda ke shanya a tata barandar, ta leƙo da kai sama.

"Sista! Lafiya kuwa? Ihun me nake ji?"

Direba ya rankwafa a kan ƙarfe, baki har kunne.

"Lafiya ƙalau, maƙwabciya! An sauka!"

"Kai, barka! Wa ya haihu? Me aka samu?"

Ya juyo ya dubi matarsa, tana durƙushe a cikin ƙasa da tarkacen jarida, hannunta na rawa, abin yana juyi a cikinsa.

"Ce mata mai rai aka samu," in ji Sista. "Kuma ni na karɓa."